Wane suna za mu raɗa wa kayan da ke buɗe bawul?

1/ Jama'a, ina neman agaji a kan kalma guda. Mako uku ke nan ina rubuta 'yar takardar koyo da Hausa saboda yaran garejin maigidana a Panteka ta Kaduna, sai na iso kan abin da Turawa ke kira valvetrain, alƙalami ya tsaya cak. Kamshaf muna da shi. Tafet, roka, sifirin, bawul, duk bakinmu ya riga ya tauna su sun zama namu. Sunan da zai tattara su a inuwa ɗaya ne na rasa.

2/ Ga abin da ya jawo maganar. Ranar wata Litinin wani saurayi ya shigo mana da mota ƙirar Jamus mai silinda shida, idonsa ja, yana cewa inji ya buga. Ashe ranar Asabar ya yi wasan mota a bikin abokinsa, ya yi ta juyi wuri ɗaya har taya ta yi hayaƙi, da ya tsaya sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba. Wani ya riga ya gaya masa sai dai ya nufi kasuwar kayan gyaran mota ta Oriyapata ya nemi wani injin.

Baba, maigidan namu, bai ce masa uffan ba. Ya sa aka tayar da motar, ya ɗauko doguwar sukudireba ya kafa tsininta a kan murfin tafet, ya manna kunnensa a ƙotar. Ya matsa gaba kaɗan, ya sake saurare. Ya sauko da ita gefen bulo, can ƙasa, ya daɗe shiru. Sannan ya miƙe ya ce, "Samari, kwantar da hankalinka. Ƙasa lafiya lau. Kuka daga sama yake."

Yaron ya ce, "Baba, sama wane ɓangare?" Baba ya shiga lissafo masa kaya ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A nan na ga amfanin sunan da nake nema.

3/ Wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, ga yadda abin yake. Karanshaf na juyawa a ƙasa, sarƙa ko bel ta kai juyin ga kamshaf. Kamshaf sanda ce mai ƙusumbi jere. Kowane ƙusumbi in ya zagayo sai ya danna tafet ko roka, su kuma su tura bawul ya buɗe don iska ta shiga silinda ko hayaƙi ya fita, sifirin ya mayar da shi ya rufe. Karanshaf ya yi zagaye biyu, kamshaf ya yi ɗaya. Don haka ƙarar sama ba ta kai ta ƙasa sauri ba, siririya ce kuma, kamar ta keken ɗinki. Ta mitali, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, kauri gare ta, kamar ana daka a bayan katanga, kuma tana ƙaruwa in an ɗora wa inji nauyi.

Ku yi lissafin da kanku: inji na zagaye 6,000 a minti, kamshaf na yin 3,000, wato kowane bawul na buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wannan gudu fatar baƙin mai ce da ba ta kai kaurin gashi ba.

4/ Shawarwari sun fara shigowa, na gode. Wani ya ce "jirgin bawul". Na yi dariya har na ƙware. Ɗan'uwa, wannan jirgin ba na tashar Rigasa ba ne. Abin da Bature ke nufi da train ɗin da ke cikin valvetrain jerin abubuwa ne masu bin juna, wannan ya tura wancan.

"Sarƙar bawul" ta fi kusa, amma akwai sarƙa ta gaske a cikin injin, ta taimin. Ka ce wa yaro ya duba sarƙar bawul, gaban inji zai je ya kwance maka.

5/ "Kayan sama" ko "kayan tof" shi ne abin da makanikai da dama ke faɗa, ni ma da shi na tashi, kuma na so in bar shi haka tunda abin da baki ya saba da shi ya fi ƙirƙira. Baba ne ya rushe mini shi. Shi da ya yi ƙuruciyarsa kan Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kakuri bayan buɗe masana'antar a 1975, ya ce, "Kai yaro, a 504 ina kamshaf yake?" Na ce a cikin bulo. Ya ce, "To bulo sama ne?" A irin wannan inji kamshaf na ƙasa, dogayen sanduna ne ke kai saƙo sama wurin roka. Rabin kayan ke nan ba sa sama. Kuma a tof ɗin akwai fulogi da gasket, waɗanda ba ruwansu da buɗe bawul.

6/ Wani malamin Hausa ya ce in za a yi gyara a yi shi gaba ɗaya, a bar "bawul" a ce "ƙyaure", tunda buɗewa yake yana rufewa. Allah ya gafarta Malam, ma'anar ta zauna, amma bawul ya daɗe da zama ɗan gida. Mai faci a bakin titin Kawo ma bawul yake cewa. Ba zan tura yaro kasuwa ya tambayi ƙyauren inji a nuna masa hanyar kafintoci ba.

7/ Yanzu ga wadda ta hana ni barci. Wata baiwar Allah, ta ce kakanta bafatake ne, ta rubuto kalma biyu kawai: "ayarin bawul".

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na juya ta ta kowace fuska ban ga inda ta yi ɗigo ba. Ayari tafiya ce ta jere, kowa na bin sawun na gabansa, kuma akwai madugu uban tafiya wanda shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango. Kamshaf ke nan. Ko yana sama ko yana cikin bulo, madugu madugu ne, don haka matsalar 504 ta kau. In jaki ɗaya ya yi ɗingishi a ayarin masu zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar kowa ta lalace. Haka tafet ɗaya in ya kwanta, silindarsa ba ta shaƙar iska yadda ya kamata, injin duka ya kama rawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar shan ruwa. Famfon baƙin mai a ƙasa yake, yana zuƙo mai daga kwanon ƙasa ta cikin rariya, ya bi ta filta, ya shayar da mitalin karanshaf, sannan ya haura ta 'yan siraran hanyoyi zuwa tof. A injunan yanzu masu kamshaf a sama, ayarin nan shi ne na ƙarshe a bakin rijiya. In ruwa ya yi ƙasa, shi zai fara kuka. Yaron da ya riƙe wannan hoton ya riga ya san inda zai fara dubawa.

8/ Daga nan wata kalmar ta faɗo da kanta: "ƙishin mai". Shi ne ya kama motar saurayin nan. Lokacin da yake juyi wuri ɗaya, man da ke kwano ya tattaru gefe guda, kamar ruwa a bokiti in ka wulwula shi. Bakin rariya ya zauna a fili yana zuƙar iska. Irin tafet ɗin motarsa kuwa da mai yake cika ya yi tauri ya cike ratar da ke tsakanin kamshaf da bawul da kansa, to da kumfa ta shige shi sai ya yi laushi, rata ta buɗe, ƙara ta tashi. Da Baba ya zaro sandar awo, man bai ma kai alamar ƙasa ba. Masu tseren mota na gaske shi ya sa suke sa shinge a cikin kwanon, don mai ya kasa gudu ya bar rariya.

Mai shi ya ce ai fitilar mai ba ta kama ba sai sau ɗaya, ta ɗan ƙyafta ta mutu. Baba ya ce, "Wannan fitilar ba gargaɗi take yi ba, ta'aziyya take zuwa." Gaskiyarsa, sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai take kamawa. Shi ya sa ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai na hannu, ya bari inji ya yi zafi sosai kafin ya karanta, don mai mai sanyi kauri gare shi, yana ɓoye laifi.

9/ Bai tsaya nan ba. Ya sa aka juye man a farin faranti aka kai rana, ya ciro takardar filta ya baje ta, ya bi ta da maganaɗisu. In ka ga ƙyalƙyali ya manne wa maganaɗisu, ƙarfe ne, ka zargi kamshaf da abin da yake dannawa. In ja-ja ne mai kalar tagulla kuma bai manne ba, mitali ne ya fara ci, maganar ta koma ƙasa. Mun samu ɗan baƙin gari kaɗan a maganaɗisun. Da aka ɗaga murfi, ƙusumbi ɗaya ya yi zane-zane, ka sa farce ka ji yana kamawa.

Af, na tuna: "ƙusumbi" ni na faɗa a sama, amma wani ɗan Zangon shanu ya ce "tozo" ya fi, don tozo lafiya ne, ƙusumbi lalura. Na karɓa hannu biyu. Tozon kamshaf. In ya cinye sai mu ce tozo ya side.

10/ Kafin in rufe, roƙo ɗaya ga 'yan'uwana makanikai. A daina zuba mai mai kauri don a toshe bakin ayari. Mota an rubuta mata 5W-30, ka ɗura mata 20W-50 na zamanin 504, ƙara ta lafa, mai mota ya tafi yana sa maka albarka. Da asuba a sanyin hunturun Kaduna man nan zai daɗe kafin ya haura sama, ayari na tafiya a bushe. Injunan da ke sauya lokacin buɗe bawul da ƙarfin mai, irin VTEC na Honda da VVT-i na Toyota, sun fi kowa ƙin wannan. Haka yawan lafta gam a bakin kwano: rarar ta ɓalle ta faɗa ciki ta toshe rariya. Na taɓa ciro guntayen gam cike da tafin hannu daga rariyar wata mota da aka yi wa aiki a wani garejin.

11/ Abin da zan rubuta a takardar ke nan: ayarin bawul, madugunsa kamshaf, tozo, rata, ƙishin mai. Na karanta wa Baba jiya da la'asar yana wanke hannu da kananzir. Ya ce shi dai kayan sama zai ci gaba da cewa har ya koma ga Allah, amma in koya wa yara.

Da safen nan wata Honda ta shigo tana ƙas-ƙas. Ƙaramin yaronmu, wanda bai fi wata huɗu da zuwa ba, ya ɗauki sukudireba ya kafa a murfi ya saurara, ya ɗago ya ce, "Oga, ayari ne ke jin ƙishi." Na ce ya zaro sandar awo mu gani.

12/ Saura tafet ɗin nan mai cika da mai. An ba ni "tafet mai shan mai" da "tafet mai gyara kansa", duka biyun sun yi wa bakin gareji tsawo. Wanda ke da gajeriya ya ajiye a ƙasa.