Ina tara kuɗin mashin amma sun ƙi taruwa, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana.

Ni matashi ne a Mabera cikin garin Sakkwato, ina da NCE daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Da safe ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, daga la'asar zuwa bayan isha'i kuma ina kabu-kabu da mashin ɗin wani bawan Allah, ina kai masa balas kullum. Albashin makarantar bai kai rabin naira 70,000 da aka ce shi ne mafi ƙarancin albashi ba, kuma sai wata ya yi nisa ake biya.

Burina in mallaki mashin nawa, in huta da balas, daga baya in koma in yi digiri. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ke saura bayan mai da balas ba ya da auki. Ɗan abin da na tara kuma ba ya zama. Ni ne babba a ɗakinmu, mahaifinmu ya rasu. Yau maganin Inna, gobe kuɗin jarrabawar ƙanwata, jibi gudummawar bikin dangi. Duk lokacin da na leƙa wajen dilolin Boxer sai in tarar kuɗin ya ƙara gaba. Wallahi har barci ya fara yi mini wuya. Yaya zan yi?

Wani ɗan kabu-kabu daga Gidan Igwai:
Ɗan uwa, ka cire sabon mashin daga ranka tukuna. Ni da na hannu na fara. Ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. A tada shi da sanyin safiya kafin inji ya ɗauki zafi, ka duba ko yana hayaƙi, ka saurari ƙararsa, a duba lambar inji da ta jikin mashin su dace da abin da ke cikin rasit. In babu takarda, ko kyauta ne ka bar shi, mashinan sata sun yi yawa. Ranar da ka daina kai balas, ka ci gaba da cire wannan kuɗin kamar mai mashin yana nan yana jiranka. Da shi za ka sauya sabo.

Wata uwa daga Runjin Sambo:
Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da kake riƙe da mahaifiyarka. Amma ni ina ganin matsalar ba ta mashin ba ce, ta gida ce, kuma ba don sun ƙi ka ba. Ba su san kana tara komai ba, abin da suka sani kawai yaya yana da kuɗi a waya. Ka samu Inna ku biyu bayan sallar asuba, kafin yara su tashi. Ka faɗa mata abin da kake samu, da abin da kake kai wa mai mashin a wata. In ta ji yawan kuɗin da ke tafiya hannun wani, ita da kanta za ta tsare maka asusun. Ka yanke abin da za ka riƙa ba gida duk Juma'a, ka damƙa mata, ita ta san yadda za ta juya shi. Gudummawar biki kuwa ka bar mata, ta fi ka sanin wanda ya zama dole da wanda za a ba haƙuri. Uwa in ta ce "ba ya da shi", babu mai ja da ita. Kai in ka faɗa, sai a ce ka yi rowa.

Wani dattijo ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa:
Yaro, kuɗɗin zamanin ga ba a aje su, narkewa su kai kamar ƙanƙara cikin zahin Afrilu. Mu abin da munka sani, in ka samu ka maishe su kaya. Lokacin da albasa ta hito daga Wurno da Kware da Goronyo tana araha, sai a saye a aje cikin rudu, wato rumbun albasa, a hiddo ta bayan damina in ta yi tsada. Ko ka sai ɗan rago wata huɗu kahin Babbar Salla, a ba shi dussa da harawa. Allah shi sa albarka.

Wani malamin gona:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a yi mini afuwa, albasa ba ta wanda ke aji da safe yana kan mashin da yamma ba ce. Tana son a riƙa dubawa ana tsince ruɓaɓɓu, tana raguwa a awo, in laima ta shige ta kuma an yi asara. Rago ya fi masa sauƙi tunda akwai yara a gida masu ba shi abinci. Sai dai ya lissafa kuɗin dusa da harawa da magani tun farko, don mutane da yawa sai bayan sun sayar suke gane cewa kuɗinsu ne kawai ya dawo. Kuma ya saya a kasuwar Kara nan cikin gari, kada ya bi araha zuwa ƙauyukan gabas, kowa ya san halin da hanyoyin suke ciki.

Wani ɗalibin ilimi daga Arkilla:
Na ga ba wanda ya taɓo biya sannu-sannu. Mafi yawan malamai sun halatta a sayar maka da kaya bashi a kan kuɗin da ya fi na hannu da hannu, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun wajen ciniki. Inda riba take shigowa shi ne a ce in ka makara za a ƙara maka wani abu. Tun da mai mashin ɗin ya san amanarka, me zai hana ka tambaye shi ya sayar maka da wanda kake hawa, balas ɗin ya koma biyan kuɗinsa? A rubuta, a sa shaidu biyu, a fayyace abin da zai faru in an sace mashin ko ka kwanta ciwo. Maganar digiri kuma, akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu ruwa a kansa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ka ajiye wannan a ranka.

Wata mai adashe:
Ka shiga adashe na mako-mako, amma da mutanen da ka san ƙofar gidansu. Ka roƙi uwar adashe kwasar tsakiya. Kuɗin da ke cikin waya, ko an kulle shi, in aka kira ka da kuka sai ka buɗe. Na adashe kuwa ko kai ba ka isa ka taɓa ba sai ranarka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti ta Runjin Sambo, maganarki ta shige ni, in sha Allahu gobe zan zauna da Inna. Malam na Arkilla, mai mashin ɗin dattijo ne mai sauƙin kai, kuma na taɓa jin yana cewa yana son ya sauya shi. Sai dai inji ya fara shan baƙin mai. Yaya zan yi masa maganar farashi ba tare da ya ga kamar ina kushe kayansa ba?

Ɗan kabu-kabu na Gidan Igwai:
Kada ka faɗa da bakinka. Ku je wajen bakaniken da shi kansa yake kai wa gyara, ya duba fistin da ringi a gabansa, ya faɗi kuɗin aikin. Sai a cire shi daga farashi. Kuma ka tafi da kawunka ko limamin unguwarku, ciniki da babba ya fi kyau a bakin babba.