Ina littattafan matan Damagaram suke?

Ƴar Birni: Assalamu alaikum. Littattafan Hausa da mata ke karantawa a nan Damagaram kusan duk daga Kano suke zuwa, kuma da yawansu mata ne suka rubuta. To namu matan fa? Rubutun ne ba su yi, ko bugawar ce ke gagara?

Malam Na Zango: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Najeriya sun riga mu nisa. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito tun 1980, su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka biyo baya. Mu nan matsalar daga lakwal take. Da Faransanci yarinya ta koyi rubutu, sai ta sa "ou" wurin "u", "ch" wurin "sh", babu ƙ babu ɗ, "ƙasa" ta koma "kasa". Labari ga daɗi, amma mai karatu sai ya gaji tun shafin farko. Ga kuma waɗanda ake cirewa daga lakwal a yi musu aure hannunsu bai faɗa ba, wannan ya fi ciwo.

Hajiya Mai Littattafai: Malam, rubutu kam suna yi, duba wayoyinsu ka gani. Bugawa ce ke son jari da zirga-zirga, matar aure kuwa ba kullum take samun fita ba. Mai son bugawa ta fara ba wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa ya duba mata. A tsara shi girman A5, wato rabin takardar A4, yawan shafuka ya rabu da 4, in ba haka ba farin shafi zai rage a ƙarshe. Ta kai wa mai bugu PDF, kada ta kai Word, don haruffa masu lanƙwasa kan rikiɗe su zama akwatuna a wata kwamfutar. Kuma ta ga kwafi ɗaya a hannunta kafin ta biya sauran kuɗi. Kada ta buga da yawa karon farko, damina da gara ba su barin takarda.

Ƴar Birni: Yaya Hajiya, masu sayarwa ta WhatsApp fa?

Hajiya Mai Littattafai: Nan ne masu karatun suke, amma in kin tura littafi dungurungum, mutum ɗaya zai biya, sauran su karanta kyauta. Ki riƙa saki babi-babi, sunanki a kowane shafi, ki kuma yi rajistarsa a BNDA, hukumar kare haƙƙin mallakar marubuta da masu fasaha ta Nijar. Ki naɗi murya ma, saboda matan da ba su karanta boko. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata ce zalla, gajeren labari kawai ake turawa.