Yaya za mu kai taimako ga masu kunyar karɓa?

Salama gare ku, 'yan'uwa. Ina cikin kwamitin taimakon mabukata na ikilisiyarmu, kuma akwai abin da ya cije mana.

Duk ƙarshen wata muna raba kayan abinci da tufafi ga maƙwabtanmu, ba ma tambayar addinin kowa. Amma fuskokin da muka saba gani su ne ke dawowa, waɗanda suka fi shiga matsi kuwa ba sa zuwa. Akwai wata gwauruwa mai yara ƙanana, gidanta na kallon cocin. Ranar rabo rufe ƙofarta take yi, don ba za ta iya shiga layi a idon jama'a ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Wasu kuma suna tsoron kada a ce sai sun shiga sujada kafin a ba su, alhali ba mu taɓa gindaya wannan sharaɗi ba.

Mun gwada kai wa mutane gida da yamma, a asirce. Ya yi aiki, sai dai ma'aji ya ce dole a rubuta suna a sa hannu, domin masu ba da baiko suna da haƙƙin sanin inda kuɗinsu ya tafi. Ban ga laifinsa ba. Shi yana kafa hujja da 2 Korintiyawa 8:20-21, wato a riƙe baiko yadda ba wanda zai zarge mu, mu kuma muna riƙe da Matiyu 6:3-4, wato a ba da sadaka a asirce, kowa da gaskiyarsa.

Ku da kuka daɗe a wannan hidima, yaya kuke ajiye lissafin da zai gamsar da dattawa ba tare da an tona asirin mai karɓa ba? Mutum nawa ya kamata su san sunayen?