Gwada magani a tantanin ƙwan kaza: shawarwarin da aka bayar

Ga abin da na tsinta daga tattaunawar wasu malaman kimiyya da ɗalibansu a Birnin Kebbi kan gwajin magani a jikin ƙwai kafin a kai ga gwada shi a jikin ɓera.

Tantanin da ake nufi shi ne wanda ke manne da ɓawo daga ciki, cike da jijiyoyin jini, ta nan ɗan tsako ke numfashi. Tun 1911 masu bincike Peyton Rous da James Murphy suka dasa ƙwayoyin sankara a kansa. Garkuwar jikin ɗan tsakon ba ta gama ƙosawa ba, shi ya sa dashen ke kamawa.

An fi daɗewa kan batun ƙwan kansa. Na kireti da ake sayarwa a kasuwa ba ya yi, don kajin gona ba su ga zakara ba. A nemi na masu ƙyanƙyasa, a haska shi da tocila cikin duhu don a ga ko ɗan tsako na girma a ciki. A kwana na 3 da saka shi a injin ƙyanƙyasa a zuƙe farin ƙwai kamar mililita 2 zuwa 3 da sirinji, a yanke ƙaramar taga a ɓawo, a liƙe da salatif. Ana ɗora magani ko dashe a kan tantanin wajen kwana na 7 zuwa 10, a kammala kafin ƙyanƙyasa a kwana na 21.

Zafin injin ya kasance kusan digiri 37.5 a ma'aunin Celsius, da isasshen danshi. A nan ne gizo ke saƙa: ɗaukewar wuta da bushewar hunturu suna kashe ƙwai, don haka sola da kwanon ruwa a cikin injin wajibi ne. A ganina wannan ya kamata a fara tanada.

Wata malama ta ja kunne cewa hantar tsako, wadda ke sarrafa magani a jiki, ba irin ta mutum ba ce, sakamakon ƙwai tacewar farko ce kawai.