Diron na hannu ga ɗan koyo: Mini 2 ko Phantom?

Auta: Assalamu alaikum manyanmu. Oga ya ce in nemi diron, wato ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamara, in fara koyo, don yanzu kafin a ba ka aikin biki sai an tambaya ko akwai ɗauka ta sama. Kuɗina ba su kai na sabo ba. An nuna min na hannu guda biyu na kamfanin DJI: Mini 2 da batir uku, sai Phantom 4 Pro da batir ɗaya. Bambancin kuɗin ba yawa. Ban taɓa tuƙawa ba. Wanne zan ɗauka?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Mini 2, ka rufe ido.

Mai Faifai: Wane irin rufe ido? Phantom 4 Pro idon kyamararsa inci ɗaya ne. Bikinmu kuma yawanci bayan La'asar ake fara shi, haske na raguwa. Ka ɗauki kamu da Mini 2 dab da Magariba ka ga yadda hoton zai yi yashi. Sannan masu biki suna son su ga abu babba yana ƙugi a sama, nan suke yarda kuɗinsu bai tafi a banza ba.

Injiniya: Hoton Phantom ya fi, ba musu. Amma tun 2016 ya fito, nauyinsa ya kusa kilo 1.4. Mini 2 na 2020 ne, giram 249. Yaron nan bai taɓa tuƙi ba. Ka ƙiyasta wanne ya fi sauƙi idan ya kuɓuce masa a kan mutane. Kuma batir ɗaya ba ya aikin biki, na Phantom mai lafiya kuwa sai an sha wuya kafin a samu.

Abban Husna: Auta, ƙanena, ka ajiye maganar wanne ya fi tukuna, ka saurare ni, don abin da ya same ni ba na so ya sami kowa a zauren nan.

Nawa a intanet na gan shi, mai shi yana wani gari. Ya turo min bidiyo yana tashi lafiya lau, ga jaka, ga batir uku, ga abin caji. Muka yi ciniki, na tura kuɗi, ya ba direba a tasha. Da ya iso, wallahi kamar sabo, ko ƙwarzane babu. Sai da na zo sa batir na ji yana shiga da ƙyar. Biyu a ciki sun fara kumbura, ba irin wadda ido ke gani nan take ba, sai ka ɗora shi a kan teburi ka ga yana rawa. Na ukun yana nuna ɗari bisa ɗari, amma yana zuwa wajen rabi sai ka ga caji ya zube lokaci guda, jirgin ya fara sauka da kansa duk inda yake. A bayan wata makaranta ya sauko min, Allah ya sa babu yara a wurin.

Wannan duk mai sauƙi ne, batir ana saye. Babbar matsalar ita ce jirgin a ɗaure yake da akawun ɗin DJI na wani. Na kira mai shi, ya ce shi ma haka ya saya a hannun wani, wancan kuma daga waje aka kawo masa. Wanda ya ɗaure ne kaɗai zai iya kwancewa daga cikin DJI Fly, manhajar waya da ake tuƙa shi da ita, kuma babu wanda ya san ko waye. Ma'ana ka biya kuɗi amma jirgin ba zai koma sunanka ba, ranar da rimot ya lalace ka sayo wani kuwa, nan za ka gane kurenka. Daga baya mutumin ya daina ɗaga wayata.

Don haka ga abin da zan ce. Kada ka biya ko sisi sai jirgin ya tashi a gabanka, da wayarka, ba tasa ba. Mai shi ya kwance akawun ɗinsa kana kallo, ka ɗaura naka nan take. Ka shiga bayanin batir a manhaja, tana nuna sau nawa aka caja kowanne, ka duba duk ukun ɗaya bayan ɗaya, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Ka tashe shi daidai tsayinka ka daina taɓa rimot, lafiyayye yana tsayawa cak. Ka bar batir ɗaya ya ci har ya sauko wajen kashi 20 ka ga ko caji na tafiya a hankali ko tsalle yake. Ka juya jirgin hagu da dama kana kallon waya, in ƙasa ta karkace a hoton ko kyamara na karkarwa, gimbal, wato abin da ke riƙe kyamara ya daidaita ta, ya taɓa buguwa. Bayan ya sauka ka juya kowace farfela da yatsa, in ka ji ƙaras-ƙaras akwai yashi a injin. Ka duba hannuwan kusa da injin ko akwai tsagewa ko alamar gam, ka duba kan kusoshi ko an taɓa kwance su. Duk wanda ya ce yana sauri, ba zai jira wannan ba, ka bar masa kayansa.

Auta: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Yaya. Na gode ƙwarai.

Bazazzagi: Amin. Amma na rantse Bakano ne ya sayar masa.

Ɗan Fagge: Kai Bazazzagi, ku da kuka ga diron a wajen biki kuka watse kuna salati, yau kai ne mai ba da shawara?

Bazazzagi: Mu da muke da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya tun 1964? Jirgin gaske muke koyarwa, ba na yara ba.

Ɗan Fagge: Kwalejin tana Zariya, amma filin jirgin da ake sauka yana Kano.

Injiniya: Ƙari a kan na Abban Husna. Ka tabbata Mini 2 ɗin ne da gaske. Mavic Mini na 2019, da Mini SE, da Mini 2 SE duk kamanninsu ɗaya a ido, amma su ukun bidiyon 2.7K suke ɗauka, Mini 2 ne mai 4K wanda ya fi fitowa tas. Mavic Mini da Mini SE kuma da Wi-Fi suke haɗuwa da rimot, a cikin gari hoton yana yawan yankewa. Rimot ɗin Mini 2 waya a sama take zama. Manhaja za ta nuna maka sunan jirgin in ka haɗa. In Android gare ka, daga shafin kamfanin ake sauke DJI Fly, kuma ka gwada ta a wayarka kafin ka fita, ba kowace ƙaramar waya ke ɗaukarta ba. Ka tafi da memorinka.

Sabon Shiga: Ni na ga wasu sababbi fil a kwali an rubuta 8K, kuɗinsu bai kai rabin wannan ba.

Injiniya: Na wasan yara ne. Yawancinsu ba GPS, ba gimbal. Iska kaɗan ta kwashe shi.

Mai Faifai: To shi Mini 2 ɗin naku ai makaho ne. Ba ya ganin gaba, ba ya ganin baya, ƙasa kawai. Phantom 4 Pro yana ganin bango ya tsaya. Wanne ya dace da ɗan koyo ke nan?

Injiniya: Wannan gaskiya ne. In aljihu zai kai, Mini 3 Pro yana gani gaba da baya da ƙasa, kuma kyamararsa tana juyawa a tsaye don masu TikTok. Amma siririyar wayar lantarki fa ko mai idon ba ya cika ganinta, kuma ita ce ta fi kayar da jirgi a unguwanninmu.

Hajiya Mai Kwalliya: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba tuƙi nake ba. Duk wanda za ku saya, don Allah ku ji tsoron Allah a kan gidajen mutane. Wani biki da na yi aiki, yaron ya ɗaga abin nan sama yana zagaye layi, mata maƙwabta suna tsakar gidansu, wata na wanki, wata ko ɗankwali babu. Maigidan ya fito ransa a ɓace, da ƙyar dattawa suka raba. Katanga ai don sutura aka yi ta. In a cikin unguwa ne, ku tsaya daidai ƙofar gidan bikin, ko a sanar da maƙwabta tukuna.

Mai Faifai: Hajiya ai daga sama mutum kamar tururuwa yake, ba a gane fuska.

Hajiya Mai Kwalliya: Matar da ke ƙasa ta san haka? Ita dai ta ga kyamara a kanta. Kai in gidanka ne za ka yarda?

Abban Husna: Hajiya ta fi ka gaskiya Malam.

Mai Faifai: Ban ce a yi ba fa. Bayani nake.

Shugaban Zaure: A sassauta. Tunda an zo nan, Auta ka san akwai doka. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka nemi bayanin rajista daga wurinsu kafin ka fara karɓar aiki. Kada ka wuce mita 120 sama, kada ka bari ya ɓace wa idonka. Mu a Kano filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ga barikin Bukavu kusa da shi. Duk wannan yankin ka kiyaye, haka gidan gwamnati da duk inda jami'an tsaro suke. Ba a yi musu da mai bindiga a kan diron.

Ɗan Yerwa: Mu nan ma ba a maganar. A farkon 2025 sojoji suka sanar da hana tashinsa a Borno da Yobe da Adamawa. Nawa yana cikin jaka.

Ɗan Fagge: Ka sayar wa Auta mana.

Ɗan Yerwa: Air 2S ne, ya fi ƙarfin ɗan koyo. Kuma ban fid da rai ba.

Injiniya: Ɗan Yerwa, in ajiya ce mai tsawo kada ka bar batir a cike, kada kuma ya mutu gaba ɗaya. Wajen rabi ko sama kaɗan, kana duba shi lokaci-lokaci. Auta kai ma ka riƙe wannan: Mini 2 iyakarsa zafin digiri 40, mu kuma a watan Afrilu muna wuce haka. Kada ka bar jaka a but ɗin mota ko a rana, kada ka caja batir yana sauka da zafinsa. Mafi yawan kumburin da muke gani daga nan yake. Lokacin hunturu kuma kada ka tashe shi daga kan turɓaya, ka shimfiɗa kwali ko tabarma.

Bazazzagi: A ƙara da shirwa. In ka ga tana zagaye shi, sauko da abinka.

Abban Husna: Ka fara koyo a fili, inda ba mutane ba bishiya. Ka jira ya kama GPS sosai kafin ka tashi, ka saita tsayin da zai bi in zai komo da kansa inda ya tashi ya fi duk abin da ke wurin tsawo. Kuma kada ka kai shi hawan Sallah, dawaki suna firgita.

Mai Faifai: Ni dai har gobe Phantom.

Auta: Na ji duka, Allah ya saka. Na kira mai Mini 2, ya yarda mu haɗu Asabar a filin ƙwallo. Amma ya ce ya manta lambar sirrin akawun ɗin.

Abban Husna: In nasa ne zai iya sabunta ta ta imel ɗinsa kafin Asabar. In ya kasa, kada ka je da kuɗi.

Injiniya: Ka turo min hoton bayanin batir ɗin in kun haɗu.

Hajiya Mai Kwalliya: Cikinku wa ke da sarari ranar Lahadi? Akwai wunin wata amaryata a Tarauni, mai ɗaukarsu ya yi tafiya.