Katunan besbol na 1952 sun manne da juna: yaya za a raba su kafin gwanjo?

Assalamu alaikum, masana wannan harka. An tsinci katunan 'yan wasan besbol na kamfanin Topps, bugun 1952, cikin kwali a rufin wani tsohon gida a Amurka. Danshi ya shige su, kusan guda 20 sun manne. Da an ja kaɗan, sai launin hoton ya bi bayan katin da ke samansa.

PSA, kamfanin da ke tantance ingancin irin waɗannan katuna, na ba da maki daga 1 zuwa 10, amma katin da aka datse gefensa ko aka sabunta launinsa ba ya samun maki, farashinsa kuma ya faɗi warwas. Shin jiƙa su da ruwa ko turara su zai jawo wannan hukunci? Ko gara a miƙa wa kamfanin gwanjo na Heritage Auctions su yadda suke, ba a taɓa ba?