Neman ƙaramin asibitin da za a amince wa lafiyar iyali a Kano

Uwargida daga Tarauni: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman likitan da zai riƙa duba gidanmu gaba ɗaya, har da yara da surukata mai hawan jini. Waɗanne abubuwa ne ya kamata in lura da su kafin in amince da ƙaramin asibiti mai zaman kansa?

Tsohon ma'aikacin lafiya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da takardu. A Jihar Kano hukumar PHIMA ce ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, shi kuwa likita sai ya riƙe lasisin hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, wanda ake sabuntawa duk shekara. Ki kuma tambaya ko likitan yana zama a wurin kullum, domin akwai inda sunan likita ne a jikin allo, amma wani ne daban yake duba marasa lafiya.

Malamar jinya: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai takarda ba ta nuna yadda ake aiki. Yaya, ki sa ido a ɗakin allura: a buɗe sabon sirinji a gabanki, a jefa wanda aka yi amfani da shi cikin akwatin da aka tanada, a kuma wanke hannu kafin a taɓa wani, saboda ta allurar da aka maimaita ciwon hanta da ƙanjamau kan yaɗu. Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓi. Asibitin kirki ba ya rubuta maganin cizon sauro sai an ɗiga jini an gwada, kuma gwajin bai wuce minti 20 ba. Idan kowane mara lafiya ana ce masa maleriya da taifod ne, a ɗaura masa ruwa, a haɗa masa allurai, to ki yi hattara, domin gwajin jini na Widal, wanda ake yi don neman taifod, shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar, kuma yaron da yake iya sha da ci ba kasafai yake buƙatar ƙarin ruwa ba.

Dattijo daga Gwale: 'Yata, ni ma ina da hawan jini. Ki zaɓi inda ake ajiye katin mara lafiya ana rubuta awon jininsa kowane zuwa, ana kuma gwada ƙoda lokaci-lokaci. Likitan da ya tambayi surukarki duk abin da take sha, har da na gargajiya da maganin ciwon gaɓɓai irin diclofenac, wanda kan ƙara hawan jini ya taɓa ƙoda, shi ne ya san aikinsa.

Matashi daga Nassarawa: Ina ganin kada a raina cibiyar lafiya ta gwamnati da ke unguwa, musamman don rigakafin yara, wanda kyauta ne. Ɓarkewar mashaƙo ta 2023 ta fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba.

Malamar jinya: Haka ne ƙanena. Yaya, ki ƙara tambayarsu ina suke tura mara lafiya idan abu ya fi ƙarfinsu da tsakar dare, ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kuma ko suna ba da takardar turawa mai ɗauke da magungunan da aka riga aka ba shi.